Ɗumin gida ba shi ke nuna an haɗa injin gas daidai ba

Abin da ke ba ni mamaki da masu sayen injin ɗumama gida mai aiki da gas shi ne, mutum zai ɓata kwana da kwanaki yana kwatanta wannan kamfani da wancan, wanne ya fi ƙarko, wanne ya fi tsimin gas, wanne ne ba ya ƙara da daddare, amma ranar da aka zo haɗawa ko leƙawa ba zai yi ba ya ga ta ina hayaƙin zai fita. An kunna, iska mai ɗumi ta fara fitowa ta ramukan ɗakuna, yara sun tuɓe rigunan sanyi, shikenan an sallami mai aiki da godiya. Alhali injin da aka lalata wa hanyar hayaƙi shi ma yana ɗumama gida lafiya lau, wani lokacin har tsawon shekaru, kuma yana yi yana zuba guba a ɗakin da yake. Shiyasa ni in ana hirar injin nan bututu nake fara tambaya kafin sunan kamfani.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Gas yana ci da wuta a cikin wani rufaffen ƙarfe, ƙarfen ya yi zafi, babbar fanka ta turo iskar gida ta bi ta bayansa ta kwashi zafin ta rarraba ɗakuna. Iskar da kuke shaƙa da hayaƙin wutar bai kamata su taɓa haɗuwa ba ko sau ɗaya, ƙarfen nan ne katanga tsakaninsu. Shi kuma injin numfashi yake kamar mutum, sai ya ja iska ciki sannan ya fitar, in ka toshe masa ɗaya daga ciki ɗayan ma ya lalace. Gas ɗin layi, wato wanda ake kawowa gida ta bututu, yana buƙatar iska kamar ninki 10 na yawansa kafin ya ƙone sarai, na tukunya kuma wato furofen kusan ninki 24, kuma wannan mafi ƙaranci kenan, a aikace ana ba shi fiye da haka. In iskar ta isa, abin da ke fita kabon dayoksaid ne da tururin ruwa. In ba ta isa ba, ko hayaƙin ya dawo ya sake shiga wutar, sai a fara samun kabon monoksaid.

Wannan kabon monoksaid ɗin ba shi da launi ba shi da wari ba ya sa tari. Mutane da yawa suna cewa ai in da matsala zan ji wari, a'a malam, warin da ka sani na gas wani sinadari ne da kamfanoni ke zubawa da gangan don a gane in gas na yoyo, shi kuwa wanda wuta ta haifar babu wanda ya zuba masa komai. Yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau fiye da 200, sai mutum ya fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ya ce mura ce ke son kama shi ya je ya kwanta, a cikin gidan da ke kashe shi. A Amurka kaɗai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana ƙiyasta sama da mutum 400 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya ba tare da gobara ba. Alamar da ya kamata ta tada hankali ita ce mutanen gida duk su kama ciwon kai lokaci ɗaya, in sun fita waje su ji sauƙi, in sun dawo ya dawo.

To injinan iri biyu ne a wajen fitar da hayaƙi, kuma nan ne aka fi tafka aika-aika saboda dokar wannan kishiyar ta wancan ce. Akwai mai cin moriyar kashi 80 cikin 100 na zafin gas, sauran kashi 20 ɗin yana bin hayaƙi ya fita. Hayaƙinsa da zafi yake fita sosai, yana kai digiri 150 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, don haka bututun ƙarfe yake so, galibi mai bango biyu da ake kira nau'in B, kuma sama yake so ya miƙe har ya huda rufi, domin zafin ne ke ɗaga shi. Duk inda bututun ya kwanta dole ya riƙa hawa, aƙalla kwatan inci a kowace ƙafa ɗaya, kamar santimita 2 a mita kenan, kuma kar kwanciyar ta yi tsawo. Mai bango biyu ana barin inci 1 tsakaninsa da katako ko duk abin da wuta ke ci, mai bango ɗaya kuwa inci 6, kuma shi mai bango ɗayan ba a ratsa silin ko ɗaki mai sanyi da shi. Wata ƴar fanka da ke cikin irin wannan inji tana yaudarar mutane su ɗauka za su iya fitar da shi ta bango kai tsaye, ita aikinta kawai ta ja hayaƙin ta cikin ƙarfen, ba a yi ta don ta tura shi waje ta kwance ba.

Na biyun shi ne mai kashi 90 zuwa sama, wasu har 98. Wannan yana da ƙarfe na biyu da ke ƙara tatse zafin hayaƙin har sai tururin da ke ciki ya koma ruwa, hayaƙin ya fito da ɗumi kawai, wajen digiri 40 zuwa 55, kana iya dafa bututun da hannu. Tunda ba shi da zafin da zai ɗaga kansa, fanka ce ke tura shi, kuma bututun roba ake sa masa irin su PVC ko CPVC ko wanda kamfanin ya ambata, sabida ruwan nan asid ne, yana cin ƙarfe da siminti. Ruwan ma ba kaɗan ba ne fa, kowace mita kubik ɗaya (cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe) ta gas ɗin layi da aka ƙona tana ba da ruwa kusan lita ɗaya da rabi, babban inji yana iya zubar da lita 3 a awa in yana aiki ba tsayawa. Gangaren wannan bututun ciki yake komawa, wajen injin, kwatan inci a kowace ƙafa, don ruwan ya gangaro ya bi magudanar da aka tanadar masa. Na sha ganin wanda ya juya gangaren waje da tunanin wai ruwa ai waje ake zubar da shi, sai sanyi ya zo ruwan ya daskare a bakin bututun ya toshe shi.

Akwai gidan wani abokina da injinsa ya riƙa mutuwa da tsakar dare, ya kama ya mutu, ya kama ya mutu, ƴar fitilar jikinsa tana ƙiftawa. Na sauka ɗakin ƙasan tare da mai gyaran da ya kira. Tun kafin a buɗe komai kana jin wani ƙulu-ƙulu daga cikin bututun duk sanda ƙaramar fankar ta tashi, muka ɗaga kai, sai ga farin bututun ya yi doguwar tafiya a ƙarƙashin silin da maɗauri biyu kacal, tsakiyarsa ta lotsa ta yi ciki, na sa hannu na ɗaga wurin sai muka ji ruwa ya kwararo ya koma injin. Ruwan ne ya taru ya rage hanya, makunnin da ke auna ƙarfin jan iska ya ga ba daidai ba ya kashe wuta, wato ya yi aikinsa kenan. Mai gyaran ya ciro wata ƴar guntuwar waya daga aljihu ya ce, “Alhaji bari in haɗe maka suwic ɗin nan kai tsaye ku samu ku kwana da ɗumi, gobe na dawo.” Abokina ya dube ni. Na ce, “Oga don Allah mayar da wayarka aljihu, in maɗauri ne babu mu ɗaure da igiya zuwa safe.” Haka aka yi, aka tallafe bututun, injin ya kama bai sake mutuwa ba. Wannan makunnin shi ne abu na ƙarshe da ke tsakanin toshewar bututu da iyalinka, duk wanda ya ce zai tsallake shi ko na dare ɗaya ne kar ka yarda. Bututun roba yana son maɗauri kusan kowace ƙafa 3 zuwa 5, gwargwadon abin da littafin ya ce.

Littafin nan kuwa da ke zuwa cikin leda a jikin injin, wanda ake jefarwa tare da kwali, a cikinsa akwai jadawalin da ke faɗin faɗin bututu da iyakar tsawonsa. Kowace gwiwa da aka sa ana lissafa ta kamar ƙarin tsawo, sau da yawa wajen ƙafa 5, kaga in mai aiki ya yi ta lanƙwasa yana kauce wa ginshiƙi da wayoyi, bututu mai ƙafa 30 a ido zai iya zama 60 a lissafi, ya wuce ƙarfin fankar. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kam bai sani ba, sai an ƙirga. Haka irin robar, ba kowane farin bututu ne ya dace ba, akwai mai soso a tsakiyar bangonsa da ake yi don magudanar ruwa, kamfanoni da yawa sun hana amfani da shi. A Kanada ma doka ta ce sai wanda aka tantance musamman don hayaƙin gas mai lambar ULC S636. Kuma ba tsoro ne na banza ba, a 1998 sai da aka janye wani nau'in bututun roba mai jure zafi daga gidaje a Amurka saboda yana tsagewa yana rabuwa a mahaɗa.

Wani tarkon da ba a cika magana a kai ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro, yana faruwa ne daidai lokacin da mutum yake ganin ya ci gaba. Tsohon inji da tankin dafa ruwa na gas suna raba bututun bulo ɗaya shekara da shekaru, an cire tsohon an kawo sabo mai kashi 95 an fitar da nasa hayaƙin ta bango, sai aka bar tankin ruwan shi kaɗai a ƙaton bututun da aka gina don su biyu. Da can zafin injin ne ke ɗumama bulon ya sa komai ya tashi sama, yanzu ɗan hayaƙin tankin ba zai iya ɗumama wannan faɗin ba, sai ya huce a hanya, ya zama ruwa ya jiƙa bulo yana cin siminti, ko kuma ya ƙi hawa kwata-kwata ya dawo ɗaki. Maganinsa a zura siririn bututun ƙarfe daidai girman tankin a cikin na bulon. In mai haɗa maka sabon inji bai ko kalli tankin ruwanka ba, gaskiya bai gama aikinsa ba, ko da ya ce ai ba shi aka kira shi ya taɓa ba.

Sai maganar iskar shiga. A dokar gas ta Amurka, NFPA 54, injin da ke jan iska daga ɗaki yana buƙatar sarari mai ƙafa kubik 50, wato in an ninka tsawo da faɗi da zurfi, ga kowane BTU 1,000 a awa (BTU ma'aunin zafi ne). Inji mai BTU 100,000 kenan yana son 5,000, wato ɗaki mai ƙafa 25 a 25 in tsayin silin ƙafa 8 ne, kafin ma ka ƙara tankin ruwa. Yanzu ka tuna gidajen da ake cusa injin a ɗan lungu a sa masa ƙofa mai rufuwa ruf don kar a ji ƙara. In wurin bai kai ba ana buɗe ramuka biyu, ɗaya kusa da sama ɗaya kusa da ƙasa, kuma girmansu da lissafi. Matsalar ita ce bayan shekara biyu wani zai ji iska mai sanyi na shigowa ta ramin ya toshe da kwali ko ya jingina katifa. Ga kuma fankar kicin mai zuƙe hayaƙin girki, da ta banɗaki, da injin busar da kaya, duk suna kwashe iskar gida suna fitarwa, in gidan a rufe yake gam sabbin tagogi ko'ina, iskar da za ta maye gurbi sai ta nemi hanya mafi sauƙi, wani lokacin hanyar ita ce ta sauko ta bututun hayaƙi. Saboda wannan ne ni na fi son a ja bututu biyu ga injin da ke karɓar haka, ɗaya ya kawo iska daga waje kai tsaye ɗaya ya fitar, wutar ba ruwanta da iskar gida. Akwai masu barin na shigar a buɗe cikin ɗaki don su rage aiki, wasu littattafan sun yarda da hakan, amma in a ɗakin ake ajiye bilic da fenti da sinadaran wanki, tururinsu yana shiga wuta ya zama asid ya cinye ƙarfen tun kwanansa bai ƙare ba.

A waje kuma inda bakin bututun ya fito, nan ma akwai ƙa'ida. Aƙalla inci 12 sama da ƙasa, ko sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa a yankin in ana yin ta, ba wai inda take a ranar da aka haɗa ba. A nisanta shi da taga da ƙofa da duk wata kafar da iska ke shiga gida, kar a sa shi ƙarƙashin baranda ko a kusurwar da iska ke juyawa, kar ya fuskanci hanyar da mutane ke bi don tururin yana sauka ya daskare ya zama santsi. Bututun shiga da na fita kuma a jera su yadda kamfani ya zana, in ba haka ba injin zai riƙa shaƙar hayaƙin kansa. Mai fita ta rufi shi ma tsayinsa da doka, bututun bulo ana so ya ɗara inda ya huda rufin da ƙafa 3, kuma ya ɗara duk abin da ke cikin ƙafa 10 kusa da shi da ƙafa 2. Waɗannan lambobin na Amurka ne, kowace ƙasa da nata, in naku ya fi tsauri naku za a bi.

Girman inji ba zan daɗe a kai ba. Babba ba shi ne mai kyau ba, wanda ya fi ƙarfin gida yana kamawa ya mutu cikin ƴan mintoci, bututun bai samu ya yi zafi ba balle ya bushe, ga wahalar da ƙarfe. A auna gidan, bango da tagogi da rufi, kar a kwafi lambar tsohon kawai.

Irin gas ɗin ma a duba. Yawancin injina suna fitowa a saite don gas ɗin layi, in furofen za a sa sai an canza ƴan bakunan da gas ke fita da saitin bawul da kayan da kamfanin ya tanada, in ba a yi ba wuta za ta yi yawa ta yi ja tana kunkunniya. Furofen ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, abin lura ne ga mai sa inji a ɗakin ƙasa. A sa bawul ɗin kashewa kusa inda hannu zai kai, a gwada kowace mahaɗa da ruwan kumfa ko na'ura, ashana kam ko da wasa. In a gareji ne, a ɗaga wurin wutar inci 18 daga ƙasa saboda tururin fetur.

Ni ba na ba kowa shawarar ya haɗa wannan da kansa daga kallon bidiyo, a wurare da yawa ma laifi ne, a Birtaniya misali sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe ke da izinin yi wa mutane aikin gas. Amma lasisi kaɗai bai isa ka juya baya ba. Ka tsaya ka ga ya auna ƙarfin gas da ma'auni, galibi ƙarfin da zai ɗaga ruwa inci 3.5 ga na layi, wajen 10 ga furofen, sai dai abin da ke rubuce a jikin injin shi ne hukunci. Ka ga ya auna bambancin zafin iskar da ke shiga da wadda ke fita ya gwada da lambar da ke kan farantin bayanai na jikin injin. Ka ga ya zura na'urar auna hayaƙi a bututun ya nuna maka adadin kabon monoksaid, mai kyau yana ƙasa da 100 cikin miliyan, da yawa ma ƙasa da 50. Sannan a rufe tagogi a kunna duk fankokin gidan da injin busar da kaya lokaci ɗaya a ga ko hayaƙin tankin ruwa yana hawa ko yana dawowa. In ya ce shekararsa ashirin yana aikin nan daga kalar wuta yake ganewa, ka ce masa ranka ya daɗe na yarda, amma a auna dai. Shuɗiyar wuta tana iya fitar da guba.

Ƙararrawar kabon monoksaid kuma a sa a kowane hawa da kusa da ɗakunan kwana, amma a san iyakarta. Irin na kasuwa an yi su ne kar su yi ta kuka kan ƙaramin abu, a matakin 70 cikin miliyan tana iya ɗaukar awa 1 zuwa 4 kafin ta yi ƙara, a 400 kuma minti 4 zuwa 15, don haka shirunta ba shaida ba ce cewa bututunka lafiya. Tana kuma tsufa, yawanci shekara 5 zuwa 10, ranar tana rubuce a bayanta, danna maɓallin gwaji batir da ƙara kawai yake gwadawa. In ta yi kuka a fitar da kowa waje tukuna har da dabbobi, a kira ƴan agajin gaggawa daga can, kar a koma ciki neman dalili, kuma kar a sake kunna injin sai wanda ya iya ya zo da na'ura ya bi bututun tun daga jikin injin har bakinsa na waje.